Ina Kuɗin Ragunan Danchadi Suka Shiga?

Takardun ajiya huɗu ne, irin waɗanda 'yan kasuwa da ma'aikatan banki ke kira tela. Kowace na ɗauke da hatimin banki, da sa hannun kashiya, da kwanan wata na Janairun 2007. Mai su wani Alhaji ne, dillalin dabbobi daga Danchadi a ƙaramar hukumar Bodinga. Yaransa sun kai raguna Kudu a Babbar Sallar da ta faɗo ƙarshen Disambar 2006, suka dawo da kuɗi kashi-kashi, shi kuma yana zubawa a reshen wani banki a birnin Sakkwato. Da bazara ta yi nisa ya zo cirar kuɗin taki da na sarin hatsi, sai aka ce masa abin da ke asusunsa ko rago biyu ba zai saya ba.

Kafin a tashi aiki ranar an dakatar da kashiyan da ya karɓi kuɗin. Ba wanda ya sha wahalar tunani, domin wannan sata tsohuwa ce a banki: kashiya ya karɓi kuɗi, ya buga hatimi a kwafin mai ajiya, ya yage kwafin banki, ya zura kuɗin a aljihu. Ga shi kuma kashiyan ɗan Danchadi ne, Alhaji ba ya bin layin kowa sai nasa, shi ke cike masa takarda da hannunsa. Biri ya yi kama da mutum. Manajan reshe ya rubuta wa hedkwata yana neman a kore shi a miƙa shi ga EFCC.

Ni a lokacin odita ne a sashen bincike na bankin. Sunan bankin ba zan faɗa ba, kuma kada mai karatu ya ɗora labarin a kan ko ɗaya daga cikin waɗanda zan lissafa a ƙasa. An turo ni ne don in tabbatar da abin da manaja ya rubuta kafin a sa hannu a takardar kora. Dalilin zaɓena ɗaya ne: ban fito daga tsohon bankin manaja ba, ban kuma fito daga na kashiya ba.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane me ya sa wannan ya zama abin dubawa. Ranar 6 ga Yuli, 2004, Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Farfesa Charles Soludo, ya shaida wa shugabannin bankuna cewa mafi ƙarancin jari ya tashi daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, wa'adi kuma 31 ga Disamba, 2005. Bankuna 89 ne a ƙasar. Da wa'adi ya cika saura 25. Guda 14 suka rasa lasisi, sauran aka ɗaura musu aure a gurguje, wasu ko gaisuwar kirki ba su taɓa yi da juna ba. Arewa ta ji a jikinta. Bank of the North mai dogon benen nan na Kano, da Tropical Commercial, da Intercity na Minna, suna cikin bankuna tara da suka dunƙule suka zama Unity Bank a farkon 2006. Habib ya haɗu da Platinum. Inland na Bauchi ya shige First Inland. International Trust Bank, wanda Sakkwatawa suka fi sani da tsohon sunansa Gamji, Oceanic ya ɗauke shi.

Jaridu sun yi ta ƙirga jari da yawan rassa. Kujeru ne ba wanda ya ƙirga. Inda bankuna biyu da aka haɗa ke da reshe a titi ɗaya, dole a rufe ɗaya, kuma manaja biyu ba sa zama a kujera ɗaya, haka akanta biyu. Abin da ya faru a reshen da nake magana ke nan. A ƙarshen 2006 aka rufe reshen ƙaramin bankin, aka kwaso ma'aikatansa da masu ajiyarsa aka kawo ginin babban. Manaja daga babban banki, akanta daga babban banki, masu riƙe da makullai duka daga babban banki. Waɗanda aka kwaso kuwa, sunan da ake kiransu da shi a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido, shi ne agola. Kashiya biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa a kanta ɗaya, aiki ɗaya, albashi daban, domin daidaita albashi kullum "ana kan nazari".

Da Alhaji na fara. Ya zaro takardun daga aljihun 'yar ciki, naɗe cikin leda.

"Yallaɓai, ni ban san kwamfuta ba," in ji shi. "Wanga yaro ni sani, na san ubanai, na san kakanai. Hannu da hannu na ba shi kuɗɗina, yaƙ ƙidaya gabana, yab buga hatimi. In shi yac ci, shi da Allah. In ba shi na ba, ku hiddo min kuɗɗina."

Yaron da yake faɗa ya haura shekara arba'in, ya kusa ashirin yana aikin banki. Na gwada hatimin da na kanta, na gwada sa hannun da na fayil. Duka na gaske ne. Kashiyan ma bai taɓa musun ya karɓa ba. Zuwa nan maganar manaja tana nan daram.

Abu na gaba shi ne kwafin banki. Kowace rana ana ɗaure takardun ajiya da na cira a dami guda, a rubuta kwanan wata a bango, a kai ɗakin ajiya. Na sa aka buɗe ɗakin. Damunan Janairu na nan jere, sai na ranakun nan huɗu, babu su.

Akanta ya daki hannu. "Ka gani ko, Yallaɓai? Ya kwashe hujja."

Nan ne na fara jin wani iri. Ɓarawon da ya yage takarda ɗaya ba shi da buƙatar ɗauke dami sukutum, mai ɗauke da takardun mutum ɗari da wani abu. Hakan ma nuna kansa ne. Sai na tambayi wa ke riƙe da makullin ɗakin. Akanta ne, sai wani a ofishin manaja. Tun da aka haɗe, ba a taɓa ba wani agola makullin komai ba, ko na ɗakin janareta. Wariyar da ake yi wa mutumin ita ce ta fara wanke shi, amma wankin bai isa ba tukuna. Makulli ana iya ara, ana iya sata.

Na sami kashiyan a gidan hayarsa a wani lungu na birni. Ya rame. Tun da labari ya kai Danchadi bai taka garin ba, ko Juma'a a wani masallaci mai nisa da unguwarsu yake yi. Maganar auren 'yarsa da aka fara, dangin miji sun ce a dakata tukuna. Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai san nauyin wannan ba. A birni ana korar mutum daga banki maƙwabcinsa bai sani ba. A Danchadi kuwa, inda kowa ya san cewa don shi ne Alhaji ya yarda ya raba kuɗinsa da ƙarƙashin gado, an yanke masa hukunci tun kafin hedkwata ta buɗe fayil.

Bai yi dogon bayani ba. Ya shiga ɗaka ya fito da littattafan rubutu irin na 'yan firamare, ɗaure da kyauro. Tsohon bankinsu ya daɗe yana aiki da leja da biro kafin kwamfuta ta iso, shi kuma bai bar al'adar ba: duk kuɗin da ya karɓa sai ya rubuta suna, da jimla, da rabe-raben takardu, 'yan dubu-dubu kaza, 'yan ɗari biyar-biyar kaza, 'yan ɗari biyu kaza. A gefen ajiyar Alhaji ta biyu ya rubuta cewa takarda ɗaya ta ɗari biyar ta yage, an manne ta da salatif.

"Ka nuna wa manaja wannan?"

"Na nuna, Yallaɓai. Ya ce littafin mai tireda ne, in kai wa alƙalin ƙauyenmu."

Gaskiya littafin shi kaɗai ba hujja ba ne. Mutum na iya zama dare ɗaya ya rubuta abin da ya ga dama. Sai dai akwai wani littafin da ba hannunsa ba ne. Kullum da yamma kowane kashiya na miƙa kuɗin da ya rage a wurinsa, a ƙirga a gabansa, a shigar a rumbun kuɗi, masu makullin rumbu biyu su sa hannu a rajista, kuma rajistar ma da rabe-raben takardu ake cike ta. Na ɗora littafin mai tireda a kan rajistar rumbu, rana da rana. Na tara abin da ya karɓa, na ɗebe abin da ya biya. In an sa kuɗin Alhaji a lissafi, jimla ta yi daidai har sisin kwabo, adadin 'yan dubu-dubu ma ya yi daidai. In an cire su, sai rumbu ya zama ya karɓi kuɗin da ba a san daga ina suka fito ba. A ƙasan kowane shafi kuma ga sa hannun akanta.

Ke nan kuɗin sun shiga rumbun banki. Ba a kanta aka ci su ba. Tambaya ta sauya: kuɗin da ke cikin gida, me ya hana su isa asusun mai su?

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta ƙarya a banki. Ba a rufe rana sai kuɗin da ke rumbu ya yi daidai da abin da kwamfuta ta ce. Da an karɓi kuɗin Alhaji ba a shigar ba, da an ga rara mai yawa da yamma, da ba wanda ya tafi gida. A ranakun nan huɗu lissafi ya daidaita lafiya lau. Saboda haka an shigar da kuɗin, amma a wani wuri.

Na sa aka bugo mini jerin duk abin da aka shigar a kwamfuta a ranakun. Abu na farko da idona ya faɗa a kai shi ne, lambar shiga ta kashiyan ba ta fito ko sau ɗaya ba, a watan gaba ɗaya. Ashe ba shi da ita. Da aka haɗe, manhajar babban banki aka ɗauka, hedkwata ta ware wa kowane reshe guraben horo. Manaja ya tura nasa mutanen, waɗanda tuni sun iya manhajar, saboda horon akwai alawus da kwanan otal. Agola aka ce su jira zagaye na biyu. Wanda bai yi horo ba ba a ba shi lambar shiga, don haka mutumin Danchadi sai ya karɓi kuɗi, ya buga hatimi, ya tara takardu a tire, wani saurayi da ke bayansa ya ɗauka ya shigar. Saurayin nan manaja ne ya kawo shi aiki, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, yana jiran a tabbatar da shi.

Na bi jerin da yatsa ina neman adadin da ke kan tela ɗin Alhaji. Ga su nan, huɗu cif, rana da rana, da lambar saurayin. Duka sun faɗa asusu ɗaya. Sunan da ke kan asusun ba na Alhaji ba ne.

A nan na so in yi saurin cewa an gano ɓarawo da abokin cin mushensa. Sai na jera lambobin asusun biyu a takarda ɗaya, na ga ƙarshensu iri ɗaya ne sak. Matasan yau da suka tashi suka tarar da lamba goma a kowane banki ba su san yadda abin yake ba. Sai a 2011 tsarin NUBAN na Babban Banki ya fara aiki. Kafin nan kowane banki da irin tasa lambar. Ta ƙaramin bankin gajera ce. Ta babban doguwa ce: lambar reshe a gaba, ta mai asusu a baya, kuma kwamfuta da kanta take lika ta reshe. Da aka haɗe, an ba masu ajiyar ƙaramin banki sababbin lambobi. Amma littafin ajiyar da ke hannun Alhaji tsohuwar lamba ce a jiki, ita kashiya ke kwafa. Saurayi ya buga ta yadda ya gan ta. Galibi kwamfuta kan ƙi karɓa, ta ce babu wannan asusu, sai ya duba wata takarda ya nemo sabuwar lamba. Amma in aka yi rashin sa'a tsohuwar lambar ta zo daidai da ta wani mai ajiya na babban banki, sai ta haɗiye shiru. Sunan mai asusu kan fito a saman allo. Ɗaga ido kawai ake buƙata.

Kuskure ne ke nan, ba sata ba. Da a nan abin ya tsaya, da rahotona layi biyar ne. Amma da na bugo bayanan asusun, kuɗin ba sa ciki. An kwashe su a tashi ɗaya an kai asusun wucin gadi na reshe, inda ake rataye kuɗin da ba a san mai su ba. Lambar akanta ce ta amince da kwashewar, kuma kwanan watan ya riga zuwan Alhaji da makonni.

Akanta bai ko girgiza ba. Ya ce sun lura da kuɗi masu yawa na shiga asusun da ya daɗe ba motsi, suka killace su don kariya, kuma ba su san na wane ne ba, ba su taɓa kawo wa ransu cewa su ne na Alhaji ba. Magana ce mai kama hankali. Rabinta ma ƙa'idar aiki ce. Sai dai asusun da ba ya motsi ba ya kiran kowa ya zo ya duba shi. Wa ya ja hankalinsu?

Katin buɗe asusun ya nuna malamin firamare ne mai ritaya a garin Shagari. Na bi hanyar Jega, na wuce Bodinga, na isa da hantsi. Ba wuya samun tsohon malami a Shagari; rabin dattawan kasuwa sun bi ta ajinsa. Na tarar da shi a zaure yana sauraren rediyo. Tun kafin in gama gabatar da kaina ya ce wa jikansa ya ɗauko masa "fayil ɗin banki".

"Malam, ni ɗan abin da ya rage na garatutina na sani," in ji shi. "Na je in duba ko zai taimaka a kuɗin kujerar Makka, sai yarinyar ta rubuto mini wata lamba da ko a allon lissafi ban taɓa rubuta wa yara irinta ba. Na ce wannan ba nawa ba ne. Suka ce in je, za su duba. Na ce a'a, ku ba ni takarda da biro."

Ya rubuta wasiƙa da irin rubutun malaman da, mai kwanciya gefe ɗaya, ya sa kabon ya yi kwafi, ya ƙi tashi sai da sakatariyar manaja ta buga masa hatimin karɓa. Kwafin na nan a fayil, kwanan watan kafin zaɓen Afrilun 2007 ne, kwana ɗaya tak kafin a kwashe kuɗin. Ya ƙara da cewa manaja da kansa ya fito ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin ƙofa.

Yanzu na san wanda ya ja hankalinsu. Saura abu ɗaya: sun san mai kuɗin ko ba su sani ba? Duk ma'aikacin da aka ce masa kuɗi sun shiga asusun da ba nasu ba, abin da zai fara yi shi ne ya je ya ɗauko takardun ranar ya ga sunan wanda ya zuba. Damunan nan huɗu suka dawo mini a rai. Manya ba sa shiga ɗakin ajiya mai ƙura da kansu, aike suke yi.

Masinjan reshen dattijo ne, shi ma agola. A ofis ko kallona ba ya yi. Bayan sallar azahar, muna neman takalma a ƙofar masallaci, na tambaye shi a hankali.

"Ranka shi daɗe, ni ɗan aike na," ya ce, idonsa a ƙasa. "Anka ba ni makulli da takarda mai kwanakki huɗu, anka ce in ɗauko in kai ofishin Oga. Na kai. Ba a ce in maishe su ba."

Odita na da ikon ya ce a buɗe masa kowace durowa a reshe. Na ce a buɗe kabad ɗin ƙarfen manaja. A ƙasa can, bayan kalandun sabuwar shekara da ba a raba ba, ga damunan. An ciro takardun Alhaji huɗu an manne su da wasiƙar malamin Shagari da fil ɗaya, sunan Alhaji a rubuce ɓaro-ɓaro da hannun kashiya. Tare da su akwai takardun wasu mutum uku, duka tsofaffin masu ajiyar ƙaramin banki, waɗanda kuɗinsu ya ɓace ta hanya iri ɗaya, sai dai nasu bai kai a yi ihu a kai ba.

A ƙarƙashinsu kuma ga takardar da nake ganin ita ce uwar al'amarin. Sanarwa ce daga hedkwata, tun kafin a haɗe rassan, ɗauke da jerin tsofaffin lambobi da sababbi, da umarni a fili: kowane kashiya ya sami kwafi, kada a karɓi ajiya da tsohuwar lamba, a sauya wa masu ajiya littattafansu. An lika mata takardar rabo, inda duk wanda aka ba zai sa hannu. Na karanta sunayen sau biyu. Babu agola ko ɗaya. An raba ta ne a taron safe na ranar da aka bar su a kanta "su riƙe wa mutane layi". Mutumin da ya fi kowa sanin masu ajiyar ƙaramin banki, wanda a layinsa suke tsayawa, shi ne ba a gaya wa cewa lambobinsu sun sauya ba.

To me ya hana manaja gyarawa tun ranar da malamin ya kawo wasiƙa? Na tambaye shi, mu biyu, ƙofa a rufe.

"Odita, kai ma ka san halin da ake ciki," ya ce. "Niyyata in daidaita a hankali. Mutumin nan ne ya zo ya cika mana banki da ihu."

Mayar da kuɗi masu yawa haka daga asusun wani zuwa na wani sai da rahoton kuskure zuwa hedkwata, kuma rahoton sai ya faɗi wanda ya shigar, da wanda ya amince, da dalilin da ya sa aka yi amfani da tsohuwar lamba. Amsa ta farko za ta hana yaronsa tabbatarwa. Ta biyu za ta taɓa akanta. Ta uku kuwa kansa za ta faɗo. Sai ya rataye kuɗin yana jiran ranar da ba ta zo ba. Da Alhaji ya tayar da ƙura, dole a miƙa wani, kuma akwai wanda aka riga aka gyara wa wuri.

Fayil ɗin kashiyan ya nuna yadda aka gyara wurin. Shekara kusan ashirin a tsohon bankinsa ba takardar tuhuma ko ɗaya. Cikin 'yan watanni a sabon gida ya sami uku. Ɗaya don ya bar kanta ya je sallar la'asar, a reshen da kowa ke zuwa sallar la'asar. Ɗaya don jinkirin sallamar mutane, alhali shi kaɗai ke aiki da biro. Ta ukun don bai cika taget ɗin kawo masu ajiya ba, kuma da na duba sai na tarar manyan masu ajiyar da suka biyo shi daga tsohon banki, har da Alhaji, an rubuta su a lissafin wasu. Abokan aikinsa sun ba ni labarin abin da ba ya shiga fayil: tsawa a gaban jama'a, kwaikwayon Turancinsa a taron safe, tambayar da ake yawan jefa masa ta cewa da difloma yake son ya zauna a bankin zamani. A daidai lokacin hedkwata ta nemi kowane reshe ya aiko da sunayen ma'aikatan da suka yi yawa. Ba sai na faɗi sunayen su wa aka aika ba.

Ban ɗauki manajan ɓarawo ba, kuma ban rubuta haka ba. Ko naira ɗaya ba ta fita daga bankin ba. Shi ma kowace Litinin ana wanke shi tas a waya daga ofishin shiyya kan taget, na taɓa zama ina ji. Amma wannan bayani ne, uzuri kuwa babu. Ya san mutumin bai ci ba, takardun da ke wanke shi na cikin kabad ɗinsa, ya zauna ya rubuta a kai shi EFCC. Laifin hedkwata kuma bai gaza nasa ba. Ita ta damƙa reshe gaba ɗaya, da makullai da horo da alƙalamin kora, a hannun ɓangare ɗaya, ba ta kuma taɓa aiko kowa ya duba ko sanarwarta ta isa kanta ba. Ina cikin haɗa rahoton nan, a tsakiyar 2007, labari ya fito cewa Babban Banki ya rushe hukumar gudanarwar Spring Bank, wanda aka haɗa daga bankuna shida, bayan rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanin ɓangarorinsa, aka naɗa Dokta Suleiman Ndanusa ya riƙe. Na sama in sun yi faɗa jarida na ɗauka. Na ƙasa sai dai a ji an kori wane.

An mayar wa Alhaji kuɗinsa, haka sauran mutum ukun. Kashiya ya sami wasiƙa mai layi uku cewa an ɗage dakatarwa, babu kalmar haƙuri a ciki. Alhaji ne ya miƙe bayan sallar Juma'a a Danchadi ya faɗa wa jama'a cewa mutumin bai ci masa ko kwabo ba, ya kuma nemi gafararsa. An ɗaura auren yarinyar bayan girbi. Saurayin an ba shi gargaɗi, aka tabbatar da shi daga baya. Manaja aka mayar da shi wani reshe a wata jiha. Jerin waɗanda suka yi yawa kuwa ya riga rahotona isa hedkwata, kuma ofis daban ne ke duba shi. Kafin shekara ta zagayo an sallami kashiyan tare da masinja.

Lamba goma ta toshe ramin da kuɗin Alhaji suka faɗa, amma haɗe-haɗe ba su ƙare ba. Access ya haɗiye Diamond a 2019. A Maris 2024 Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya sake ɗaga jari, biliyan 500 ga bankunan da ke hulɗa da ƙetare, 200 ga na ƙasa, 50 ga na shiyya, da wa'adin 31 ga Maris, 2026, kuma a Agustan 2024 ya amince da haɗewar Unity da Providus. Mai ajiya a Danchadi ko Shagari da ya ji an haɗa bankinsa da wani, ya je a bugo masa bayanan asusunsa kafin haɗewar da bayanta, ya adana kowace tela. Ku kuma da za a tura rassa duba yadda haɗewa ke tafiya, kada ku tsaya a ofishin manaja. Ku ce a kawo muku jerin waɗanda aka tura horo, da na masu riƙe da makullai, da takardar rabon sanarwa, ku duba sunan wa babu.